Ranar da yaro zai dawo ya ce sun ɓuya a aji

Wata uku da sa 'yata a makaranta a nan Amurka, ta dawo da yamma tana cin abinci tana ba ni labari kamar ba komai ba. "Baba, yau mun yi ɓuya. Malama ta kulle ƙofa, ta kashe wuta, ta rufe ɗan gilashin ƙofar da baƙar takarda, muka matsu a lungu bayan kabad. An ce ko tari kar a yi." Na ce, ɓuya daga wa? Ta ce, "Daga mugun mutum, in ya shigo." Shekararta 6 a lokacin. Loma ta tsaya min a wuya. Ashe makarantar ta aiko da takarda tun mako guda kafin nan, tana can ƙasan jakarta ta cukurkuɗe, ni ne ban duba ba.

To, 'yan'uwa sababbin zuwa, kar abin ya zo muku a ba-zata kamar yadda ya zo min. Atisaye ne na ɓuya daga mai harbi da bindiga, kuma kusan duk makarantun gwamnati suna yin sa, kamar yadda suke atisayen gobara. Sunansa lokdawun, kalmar nan da muka haddace lokacin korona, sai dai nasu kullen na minti goma ne ko sha biyar. Ko kuna Bronx, ko Greensboro, ko Houston, yaronku zai yi shi.

Wanda ya baro gida a 'yan shekarun nan, da ya ji an haɗa makaranta da bindiga, Chibok ce za ta faɗo masa a rai, da Ƙanƙara, da Jangebe. Can daga daji ake fitowa, a kan babura, cikin dare, kuma abin da iyaye ke nema shi ne katanga da soja. Nan da ɗan gari ake cin gari. Mai harbin yawanci ɗalibin makarantar ne, ko wanda bai daɗe da barinta ba. Ya san ƙofofi, ya san lokacin tara, shi ma da shi aka yi atisayen ɓuyan. Bindigar kuma sau da yawa daga ɗakin babansa ta fito. In kun riƙe wannan, sauran maganar za ta zo da sauƙi, domin yana nufin babban tsaron yaro yana wurin wanda ya san halin da yaron yake ciki, ya san abokansa, ya san gidajen da yake shiga.

Akwai sunayen da za ku riƙa ji a bakin mutane ba tare da an yi muku bayani ba, don kowa ya ɗauka kun sani. Columbine, a jihar Kolorado, ranar 20 ga Afrilu 1999: ɗalibai biyu suka kashe 'yan makarantarsu 12 da malami 1, daga nan atisayen ya bazu. Sandy Hook, a jihar Konetikat, Disamba 2012: yara 20 'yan shekara 6 da 7, da manya 6. Parkland, a Fulorida, Fabrairu 2018: mutum 17. Uvalde, a Teksas, Mayu 2022: yara 19 da malamai 2, jami'an tsaro kusan 400 suka taru, aka yi minti 77 kafin su kutsa cikin ajin. Kowannensu idan aka ambace shi a gaban iyaye, fira kan tsaya.

Duk da haka kar tsoro ya sa ku hana yaro karatu. Makarantun gwamnati kaɗai suna da ɗalibai kusan miliyan 50, kuma mafi yawansu za su gama karatu ba su taɓa jin ƙarar harbi a makaranta ba. Gaskiya ne tun 2020 bindiga ce ta fi komai kashe 'yan shekara 1 zuwa 19 a ƙasar nan, ta wuce haɗarin mota. Amma ɗan kaɗan ne daga ciki ke faruwa a makaranta. Yawanci a gida ne, ko a unguwa, ko matashi ya kashe kansa, ko ƙaramin yaro ya tsinci bindiga a durowa ya ɗauka ta wasa ce. A 2021 mutum sama da 48,000 bindiga ta kashe a Amurka, fiye da rabinsu su suka harbe kansu.

Me ke sa yaro ya yi haka? Hukumar da ke tsaron shugaban ƙasa ta fitar da rahoto a 2019 bayan ta bi diddigin hare-hare 41 da aka kai makarantu tsakanin 2008 da 2017. Ba ta sami wani kamanni guda da za a ce ga shi, da ka gan shi ka gane shi ba. Abin da ta samu shi ne yawancinsu an daɗe ana tsangwamarsu a makaranta, akwai rigima ko rashin kulawa a gida, suna riƙe da wani ƙullin gaba a zuci, da dama kuma sun riga sun yanke ƙauna da rayuwa. Yawancinsu sun furta niyyarsu, ko ga aboki ko a intanet, wani ya ji, sai aka ɗauka surutu ne. Waɗanda suka yi amfani da bindiga kuwa, kusan uku cikin huɗu a gidan iyaye ko na dangi suka ɗauko ta. Za ku ji ana ɗora laifi kan wasannin kwamfuta. Yaran Japan da Koriya ta Kudu ma suna buga su dare da rana, ba a jin irin wannan can. Za ku ji ana cewa taɓin hankali ne. Masu fama da shi suna ko'ina a duniya, kuma mafi yawansu ba su taɓa cutar da kowa ba.

Labarin da na fi son kowane uba ya sani shi ne na Oxford, a jihar Mishigan, Nuwamba 2021. Yaro ɗan shekara 15, babansa ya sayo masa ƙaramar bindiga kwana huɗu kafin abin ya faru. Da safiyar ranar, malama ta ga ya zana bindiga da jini a takardar aikinsa, ya rubuta cewa tunani ya ƙi barinsa, a taimake shi. Aka kira iyayen suka zo. Ba su tafi da shi gida ba, ba su ambaci bindigar ba, ba wanda ya buɗe jakarsa, alhali tana ciki. Bayan 'yan awoyi ya kashe ɗalibai 4. A 2024 kotu ta ɗaure uwar da uban, kowannensu shekara 10 zuwa 15. Wannan ne karo na farko da aka ɗaure iyaye saboda irin wannan harbin da ɗansu ya yi.

Mu fa muna da wata al'ada ta cewa yaro ya yi shiru, ya yi haƙuri, namiji ba ya kuka. Ga kuma aikin dare da na rana da yawancinmu ke haɗawa, ka fita yaro na barci, ka dawo ya tafi. Yaron da ya zo da Turancin da ake yi wa dariya, da suna mai wuyar faɗa, da ɗankwali a kai in mace ce, yana iya shan tsangwama wata da watanni bai faɗa ba don kar a ce ya cika ƙorafi. Ku tambaya. In ya ce ba komai, ku sake tambaya wani lokacin, a mota ko wajen cin abinci. Yawancin makarantu suna da mai ba ɗalibai shawara, ganinsa kyauta ne, kuma makarantar gwamnati wajibi ne ta samo muku tafinta in Turanci na ba ku wuya. Yaron da ya fara maganar ya gaji da rayuwa, akwai lamba 988, layin taimakon masu tunanin kashe kansu, dare da rana. Addu'a muna yi, ita ma lambar a kira.

Sai maganar baki, wanda shi ke yanka wuya. A gida wa zai ce wa ƙanensa "wallahi yau sai na kashe ka" a kan ragowar tsire, ba wanda zai ko ɗaga kai. Yaro ya juya wannan zuwa Turanci a filin wasa, ko ya rubuta shi a Snapchat, za a kira ku ofis, wataƙila da ɗan sanda a zaune, a dakatar da shi, a wasu jihohin har a kai shi kotun yara. Ku zaunar da su ku faɗa musu ƙarara: ba a wasa da kalmar kisa, ko bindiga, ko bom, ko a zane ne, ko da yatsu ne. Mu da muke Musulmi baƙaƙe, zargi ya fi saurin hawa kanmu. A 2015 a garin Irving na Teksas, an sa wa wani yaro ɗan shekara 14, ɗan asalin Sudan, ankwa a makaranta saboda agogon da ya haɗa da hannunsa ya kawo ya nuna wa malami.

Bindigar roba da muke saya wa yara da Sallah, ku bar ta a can gida. A 2014 a Cleveland 'yan sanda sun harbe Tamir Rice, baƙin yaro ɗan shekara 12, yana wasa da irinta a filin shaƙatawa. Wuƙar ɓare lemo ma kar ta shiga jakar abincin yaro.

Ɗaya ɓangaren kuma, yaro ya ji wani yana cewa zai yi ɓarna, ko ya nuna masa bindiga a jaka, ya faɗa wa babba nan take. Yara na gudun a kira su 'yan kai ƙara, mu ma manya muna gudun shiga sharo ba shanu, musamman mai matsalar takardu. Jihohi da yawa suna da layin da ake kai rahoto ba a faɗi suna ba. Ku nemi lambar a littafin dokokin da makaranta ke rabawa farkon shekara.

Abin da ya fi ba ni wuya shi ne tambayar maƙwabta. Ranar da aka fara gayyatar 'yata wasa gidan ƙawarta, na tsaya a bakin ƙofa ina ta juya maganar a baki, kunya ta hana ni. Ina za ka shiga gidan mutum ka tambaye shi abin da ya ajiye? Da ƙyar na ce, "Ki yi haƙuri, akwai bindiga a gidan?" Matar ko a jikinta. Ta ce akwai ta mijinta, ta farauta, tana cikin akwatin ƙarfe a kulle, harsasai kuma a wani wuri daban. Har ta ce in shigo in gani. Likitocin yara a nan su da kansu ke ba iyaye shawarar yin wannan tambayar.

Masu tunanin su ma su mallaka, a yi hattara. Wanda ke nan da bizar karatu, ko ta ziyara, ko ta aiki na wucin gadi, dokar tarayya ta hana shi riƙe bindiga sai a wasu 'yan yanayi, kamar mai lasisin farauta. Mai girin kad, wato katin zama na dindindin, yana iya saya bisa dokar jiharsa, amma laifin bindiga na cikin waɗanda ake korar mutum daga ƙasa a kansu. Aboki ya ce ka saya masa da sunanka don shi ba za a sayar masa ba, ka ce a'a. Ɗaurin yana iya kaiwa shekara 15.

Za ku tambaya, kamar yadda kowane baƙo ke tambaya, me ya hana a hana? A Birtaniya an kashe yara 16 da malamarsu a Dunblane a 1996, shekara na zagayowa aka haramta ƙananan bindigogi. Amurka daban ce. Haƙƙin riƙe makami yana cikin tsarin mulki, gyara na biyu, tun 1791. A 2008 Kotun Ƙoli ta ce haƙƙin kowane mutum ne a gidansa, a 2022 ta ce har da fita da ita waje. An ƙiyasta bindigogin da ke hannun farar hula sun kai miliyan 393 a 2017, sun fi mutanen ƙasar yawa. Masu son a tsaurara, galibi 'yan Dimokrat, suna neman a binciki tarihin duk mai saye, a ɗaga shekarun saye zuwa 21, a tilasta kulle bindiga a gida, a ba alƙali ikon karɓe ta na ɗan lokaci daga wanda ya zama haɗari, a dawo da haramcin manyan bindigogi irin AR-15 da aka yi daga 1994 zuwa 2004. Masu adawa, galibi 'yan Rifablikan da NRA, ƙungiyar masu kare 'yancin riƙe bindiga, suna cewa mugu ba ya bin doka, mai gaskiya kawai za a kwance wa makami. Su sun fi son a ƙara masu gadi, a ƙarfafa ƙofofi, wasu ma a ba malamai bindiga. Bayan Sandy Hook an kawo ƙudurin faɗaɗa bincike a majalisar dattawa, ya sami ƙuri'a 54, ana buƙatar 60, ya mutu. Sai bayan Uvalde aka yi wata doka a Yunin 2022, ta ƙara bincike kan masu saye 'yan ƙasa da shekara 21, ta ware kuɗi don lafiyar ƙwaƙwalwa. Sauran yana hannun jihohi, shi ya sa New York da Kalifoniya suka yi tsauri, fiye da rabin jihohi kuwa, har da Teksas, ana yawo da bindiga ba sai da lasisi ba.

Ni dai a ganina, fushi da baƙin ciki suna ko'ina, abin da ya bambanta nan shi ne yaro mai fushi bindiga na kusa da hannunsa. Amma na zauna da manomin da ofishin 'yan sanda mafi kusa da shi tafiyar rabin awa ce, kuma wanda ya san ƙauyukan Zamfara ba zai yi saurin raina hujjarsa ba. A wurin aiki, in aka ɗauko zancen, ku saurara kawai. Magana ce da ke raba wa da ƙane.

Idan ranar ta zo, Allah ya kiyaye, saƙo zai shigo wayarku daga makaranta. Sau da yawa ba komai ba ne, 'yan sanda ne ke bin wani a unguwa, ko wani ya yi kiran ƙarya. Kar ku kira wayar yaron, ƙararta na iya tona inda ya ɓuya. Za a ce kar ku taho makaranta, ku nufi wani wurin da za a sanar, don kar a toshe wa motar asibiti hanya. Na san bayan Uvalde wannan umarni yana da ɗaci, amma a can ɗin za a kai yaran. Ku riƙe katin shaida mai hoto, domin ba za a miƙa yaro ga kowa ba sai wanda sunansa ke cikin takardar gaggawa da kuka cike ranar rajista. Kawu ko gwaggo, ko makwabciyar da yaro ke kira Mama, in ba a rubuta su ba, sai dai su tsaya suna kallo. Ni da na koma duba tamu, lambar wayar da na yar tun watan farko ce a ciki, sunan mahaifiyar 'yata kuma an rubuta shi ba yadda yake a fasfo ba.