Yadda na gyara akwatin zaɓi mai ɓatar da amsa

Na haɗa wa wata ƙungiyar manoma a Gombe fom na rajista a intanet, wanda ke da akwatin da mai buƙatar taki zai danna. Sakatarensu ya kira ni ya ce, "Malam, duk wanda bai danna ba, gurbinsa fanko yake fitowa." Na kwana biyu ina zargin rumbun bayanai, ashe ƙa'idar HTML ce, wato harshen da ake tsara shafukan intanet da shi: burauza (manhajar buɗe shafukan intanet) ba ta aika komai game da akwatin da ba a danna ba. Sai na saka ɓoyayyen gurbi mai suna iri ɗaya, ɗauke da 0, kafin akwatin, shi kuma akwatin na ba shi 1. Da yake PHP, harshen kwamfutar da ke karɓar amsoshin fom ɗin, na ƙarshen take ɗauka idan gurabe biyu suka zo da suna ɗaya, kowane manomi yanzu amsarsa tana isowa.