Darasi na 9: Gubar Dalma da 'Ya'yanmu a Cikin Birni

Dalma ƙarfe ce mai nauyi da laushi, launinta toka-toka. Duk mazaunin Kano ya taɓa ganinta, ko da bai kula ba. Ita ce a cikin batirin mota da na A Daidaita Sahu, da manyan batiran sola da suka cika gidaje da shaguna yanzu. Ita mai gyaran rediyo da mai gyaran waya suke narkawa su yi liƙi. Ana samunta a wasu fenti, ana samunta a kwallin dutse. A hannun mai sana'a abar amfani ce. A cikin jikin ɗan Adam kuwa ba ta da aikin yi sai ɓarna. Wanda ta fi cutarwa shi ne ƙaramin yaro, tun yana ciki har ya kai shekara 5 ko 6.

Abin da ya faru a Zamfara

A shekarar 2010 yara suka riƙa mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, irin su Dareta da 'Yargalma da Abare. Yaro zai fara amai, sai taune-taune, sai suma, sai rai ya yi halinsa. Da farko an zaci zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau. Likitocin ƙungiyar agaji ta ƙasa da ƙasa mai suna MSF suka ba da magani, ba a ga sauƙi ba. Da aka auna jinin yaran sai aka tarar da dalma mai yawan gaske. Ashe duwatsun zinaren da ake kawowa gida ana dakawa a turmi, ana niƙawa a inji, cike suke da dalma. Ƙurar ta bi tsakar gida, ta bi ɗakuna, ta bi hannun yara. Yara kimanin 400 suka rasu. A 2015 aka sake ganin haka a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, yara 28 suka rasu. Allah ya jiƙansu.

Mai karatu zai ce, ai mu a Fagge ko Dala ko Gwale ba ma dakan zinare. Gaskiya ne. Ta birni ba ta zuwa da gaggawa irin haka, shi ya sa ba a jin labarinta. Kaɗan-kaɗan take shiga, yau da gobe. Aikinta irin na gara ne a cikin azara: ka duba daga waje ka ga lafiya lau, alhali ciki ya ciwu. A 2020 hukumar UNICEF ta fitar da rahoto cewa yaro 1 cikin 3 a duniya, wato yara har miliyan 800, suna da dalma a jininsu da ta kai matakin damuwa. Mafi yawansu a ƙasashe irin namu suke.

Ta ina take shiga?

Ta baki da ta hanci. Dubi yaro mai rarrafe. Tafin hannunsa a ƙasa, gwiwarsa a ƙasa, duk abin da ya tsinta sai baki. In akwai ƙurar dalma a daɓen nan, to yana haɗiyarta safe da yamma. Hanjin yaro kuma yana zuƙar dalma ninki 4 zuwa 5 na abin da na babba yake zuƙa. In yaron yana da yunwa ko ƙarancin jini, zuƙar ta fi haka.

Daga hanji sai jini, daga jini sai ƙwaƙwalwa da ƙoda da hanta. Sauran ta tafi ƙashi da haƙori ta zauna shekara da shekaru. Yarinyar da ta tara dalma a ƙashinta, ranar da ta girma ta ɗauki ciki, dalmar tana iya fitowa ta koma jini ta isa ga ɗan da ke cikinta. Tana iya jawo ɓari, ko haihuwar bakwaini, ko jariri ya zo ba nauyi.

Ƙurar da maigida ke kawowa

A nan nake so mu daɗe, domin nan ne abin ya fi shafar talaka mai neman halaliyarsa. Kano garin sana'a ne. Akwai bakanikai da masu walda da masu fentin mota, akwai 'yan gwangwan da 'yan bola-jari, akwai masu cajin batir da masu gyaransa, daga Kofar Ruwa har lungunan unguwanni.

Ga yadda ake yi da mataccen batir a wurare da yawa. Mutum zai sa adda ko guduma ya fasa shi. Ruwan batirin ya kwarara a ƙasa. Ya zaro farantan da ke ciki, baƙin gari yana zuba daga jikinsu, ya loda su a kasko bisa wutar gawayi. Dalmar ta narke tana ƙyalli, datti ya taso sama, ya kwashe ya watsar gefe. Hayaƙin nan da garin nan duk dalma ne. Suna sauka a kan hularsa da rigarsa da gemunsa, suna shiga ƙarƙashin farcensa, suna maƙalewa a takalminsa. Da magariba ya doshi gida, yara su sheƙo da gudu suna "Oyoyo Baba!" Ya ɗauki ƙaramin ya rungume, ya ciro ƙuli-ƙuli daga aljihu ya ba shi. Washegari uwargida ta haɗa kayan aikin nan da kayan yara a baho ɗaya ta wanke.

Babu wanda ya yi mugunta a cikin wannan labari. Uba ne mai son 'ya'yansa, bai sani ba ne kawai. Kuma ba cewa ake ya bar sana'arsa ba. Abin da ake roƙonsa shi ne ya raba aiki da gida. Ya ware kayan aiki da takalmin aiki, su kwana a wurin aiki. Ya wanke hannu da fuska da sabulu kafin ya ci abinci ko goro. In ya dawo ya fara yin wanka kafin ya taɓa yaro. A wanke kayan aikinsa daban. Kada a ajiye mataccen batir a zaure ko ƙarƙashin gado ana jiran mai saye, kada a fasa shi ko a narka shi a cikin unguwa. Masu gareji kuma su ji tsoron Allah game da yara 'yan koyo da almajirai: yaro ɗan shekara 10 ba shi da wuri a bakin kaskon dalma.

Wasu masu wannan aiki suna shan madara bayan sun tashi, wai tana wanke gubar. Madara abinci ce mai kyau, amma ba ta fitar da dalma daga jiki.

Karatu: A wurin rigakafi

Karanta wannan hira da ƙarfi, kai da na kusa da kai. Wata dattijuwa ce ta raka surukarta asibiti da jariri.

"Sannu da zuwa, Iya. Ina kwana? Yaya jikan namu?"

"Lafiya lau, Malama. Ga shi nan, sai ƙiba yake."

"Masha Allah. Iya, na ga idonsa da kwalli. Wane iri kuke sa masa?"

"Na dutse mana, mai ƙyalli. Da kaina na niƙa na zuba a tandu. Da shi aka raine mu, 'yar nan, da shi na raini ubansa."

"Haka ne, Iya, mu ma da shi aka raine mu. Sai dai an auna irin dutsen nan an ga yawancinsa dalma ce. Jariri ya yi kuka, ya murza ido, ya sa hannu a baki, shi ke nan ta shiga cikinsa."

"To ai ba ya ciwo."

"Ba lallai a gani yanzu ba. Sai ya shiga makaranta a ga karatu yana ba shi wuya. Ki yi haƙuri a daina sa masa. Idonsa tsumma mai tsabta da ruwan ɗumi sun ishe shi."

"To, Allah ya kyauta. Na ji."

Maganar ma'aikaciyar nan tana da tushe. A 2012 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da labarin wani jariri ɗan wata 6 a birnin Boston, ɗan 'yan Najeriya, da aka samu dalma a jininsa. Da aka bi sawu sai aka gano kwallin da aka kai masa daga gida Najeriya ne. Da aka auna kwallin, sama da kashi 80 cikin 100 dalma ce. Na san kwalli abu ne mai daraja a wurinmu, da yawa ma don koyi da sunna suke sa shi. Matsalar tana ga dutsen da ake sayarwa a kasuwa: da ido ba za ka bambance mai dalma da marar dalma ba. Don haka jariri da ƙaramin yaro da mai ciki su haƙura da shi.

Sauran hanyoyi

Fentin mai, musamman ja da ruwan ɗorawa, wani yana da dalma. In ya tsufa ya fara ɓarewa daga ƙofa ko taga, yara suna ɓantara su ci. Kada a kankare shi a bushe yara na wurin, a jiƙa shi tukuna. Fetur mai dalma an daina sayar da shi a Najeriya fiye da shekara 20 da suka wuce, Aljeriya ce ta ƙarshe a duniya a 2021, amma dalma ba ta ruɓewa: ƙasar gefen tsofaffin manyan tituna tana iya riƙe ta har yau. Tukwanen da ake zubawa daga tarkacen injin mota, wasu suna sakin dalma a abinci mai tsami, saboda haka kada miya ta kwana a cikinsu. Mai ciki ta guji cin farar ƙasa. Ganyen da aka yi ban-ruwansa da ƙazamin ruwan masana'antu a wanke shi sosai. Tafasa ruwa kuwa yana kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ya cire dalma.

Yaya za a gane?

Yawancin yaran da ke da dalma ba sa nuna komai. Wasu sukan yi ciwon ciki, bahaya mai tauri, rashin cin abinci, kasala, yawan rigima da ƙarancin jini. Wani ya makara wajen magana, wani ya kasa riƙe karatu, a allo ko a boko, a yi ta dukansa ana ce masa daƙiƙi. Wannan yana ci mini rai ƙwarai, domin wani yaron ba laifinsa ba ne. In abin ya yi tsanani sai amai da taune-taune da suma. A nan kada a tsaya ana cewa iska ce, a garzaya asibiti.

Gwajin jini kaɗai ke tabbatarwa. Ana auna dalma da maikirogiram, wato kashi 1 cikin miliyan na giram, a cikin kowane kashi 1 cikin 10 na litar jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadi da za a ce ba ya cutarwa, kuma in sakamako ya kai 5 dole a nemo inda dalmar ke fitowa a toshe. In ya kai 45 likita yakan ba da maganin da ke kamo dalma ya fitar da ita ta fitsari. Maganin yana ceton rai, amma ba ya maido da abin da ƙwaƙwalwa ta riga ta rasa. Kuma in yaro ya koma gidan da ƙurar take, an koma gidan jiya. Shi ya sa a Zamfara sai da aka kwashe ƙasar tsakar gidaje aka zuba sabuwa.

In ka kai yaro babban asibiti, kamar na Malam Aminu Kano ko na Murtala ko asibitin yara na Hasiya Bayero, ka gaya wa likita sana'ar da ake yi a gidanku da maƙwabtanku, da ko ana sa wa yaron kwalli. Likita ba zai yi tunanin dalma ba in ba a ba shi haske ba.

A gida kuma, a yayyafa ruwa kafin shara, balle lokacin hunturu. A goge daɓe da jiƙaƙƙen tsumma. A shimfiɗa wa mai rarrafe tabarma mai tsabta. A wanke hannun yara da sabulu kafin cin abinci da kafin barci, a yanke musu farce. Kada yaro ya fita da safe ciki ba komai. Wake da zogale da alayyahu da miyar kuka da nono da ƙwai da hanta, haɗe da lemo ko gwaba, suna rage yawan dalmar da hanji ke zuƙa. In ana narka batir a unguwarku, ku haɗu ku je wurin mai unguwa cikin mutunci. In abin ya fi ƙarfinsa, akwai Ma'aikatar Muhalli ta jiha da hukumar kula da dokokin muhalli ta tarayya, wato NESREA.

Aiki

Rubuta waɗannan kalmomi sau uku-uku a littafinka: dalma, guba, ƙura, batir, kwalli, ƙwaƙwalwa. Kula da lanƙwasar harafin ƙ.

Lissafi: idan yaro 1 cikin 3 yana da dalma a jini, yara nawa ke nan a cikin 60?

Kafin zama na gaba, zaga gidanku tun daga zaure har madafa. Rubuta jimla uku a kan duk abin da ka gani da zai iya zama da dalma, da inda yaranku suke wasa. Ka zo da su mu karanta a aji.