Kamun karfasa da ƙugiya a bazara

Wani ƙanena da ke Amurka ya turo min bidiyo ta WhatsApp yana kama wani kifi da suke kira crappie, mai faɗi kamar karfasa amma da ɗigo-ɗigo baƙi. Wai idan sanyi ya wuce wajen watan Afrilu ruwa ya fara ɗumi, kifin sai ya baro zurfi ya matso bakin gaɓa wurin itatuwan da suka nitse don ya yi ƙwai, su kuma su bi shi da ɗan siririn zare da 'yar ƙugiya da ƙananan kifaye masu rai. Na ce masa yaro ai wannan karatun mun daɗe da yin shi a tafkin Gidimuni da ke yankin Damagaram, sunan kifin ne kawai ya bambanta.

Kayan aiki dai ba su da yawa. Sandar gora mai lanƙwasa kamar mita uku, zaren lailon mafi siriri da za ka samu a kasuwar Dole ta Damagaram, sai ƙugiya. To a nan ne mutane suke ɓata lamarin, sai ka ga mutum ya sayo ƙatuwar ƙugiya irin ta tarwaɗa wai shi babban kifi yake so, alhali karfasa bakinta ɗan mitsitsi ne, tsotsar abinci take ba haɗiya ba, za ta cinye maka tana tas ta bar maka ƙarfe. Sayi ƙarama, wadda tsawonta bai wuce farcen ɗan yatsanka ba. Ka matse 'yar dalma kamar ƙwayar dawa taki ɗaya sama da ƙugiyar, sannan ka yanko guntun tsohon silifa ka tsaga shi ka saƙala a zaren, shi ne zai yi yawo a saman ruwa ya gaya maka abin da ke faruwa a ƙasa. Kar ka ɗaure shi tamau, ka bar shi yana ja sama da ƙasa.

Tana ta fi komai, kuma a bazara sai dai ka tono ta a garka wurin da ake ban ruwa. In babu, ƙwaron gara ma yana yi, ko ƙullin dusa da ɗan garin alkama. Rabin tana ya isa, ka rufe tsinin kawai.

Wurin zama kuwa kar ka wahalar da kanka da jifa tsakiyar tafki. Da zafi ya shigo namijin karfasa yana tona ɗan rami kamar kwano a yashi inda ruwa bai wuce ƙugu ba, macen ta zuba ƙwai ta kwashe a bakinta. Ka duba gefen kacala ko inda reshe ya faɗa ruwa, ka watsa dusa jiƙaƙƙiya tafi ɗaya, ka zauna shiru, inuwarka kada ta faɗa kan ruwan. Fara da zurfin kamu ɗaya. Minti goma shiru, ja silifar sama kaɗan ƙugiya ta ƙara nitsewa, haka haka har ka gano inda suke tsaye, domin garke suke yi kuma in ka samu ɗaya sauran suna nan daidai wannan zurfin.

Silifa ta fara rawa, kar ka fizga. Ni na yi wannan wautar ranar farko, na fizge da ƙarfi har ƙugiyar ta tashi ta maƙale a rigata ta baya, wani tsoho masunci yana gyaran taru ya ce ɗana kifi kake kamawa ko rakumi kake ja? Jira sai ta nitse ko ta fara tafiya gefe, sannan ka ɗaga da wuyan hannu kawai.

Daga asuba zuwa ƙarfe tara, sai kuma bayan la'asar, tsakar rana ɓata lokaci ne da ƙona fata. Wadda ka ga bakinta cike da ƙwai ka mayar da ita ruwa don Allah. Kafin ka jefa ka gaida masuntan wurin ka tambaya ko an buɗe kamun kifi, wasu tafkunan ana rufe su wani lokaci kuma ma'aikatan gandun daji suna tambayar permi. Ka kuma tsaya a gaɓa, ruwan kwance yana sa tsargiya, in ka tafi da yara kar ka bari su yi wanka a ciki.