Kurakuran da aka fi yi wajen gwada jiragen yaƙi masu farfela

Masu sha'awar tarihin Yaƙin Duniya na Biyu sun daɗe suna gardama kan jirgin da ya fi kowanne a cikin ƙananan jiragen yaƙi masu farfela da injin fistin, kuma yawancin gardamar tana lalacewa ne tun daga tushe, saboda ana kiran sunan jirgi ba a faɗi samfurinsa da shekararsa ba. Spitfire na Ingila da ya yi yaƙi a 1940 yana da injin Merlin mai ƙarfin doki dubu da ɗoriya, gudunsa kuma wajen kilomita 580 a awa, amma samfuri na 14 da ya shiga fage a 1944 yana ɗauke da injin Griffon mai ƙarfin doki fiye da 2,000, yana kuma kaiwa kusan kilomita 720. Wanda ya haɗa waɗannan biyu a suna ɗaya, sannan ya gwada su da Messerschmitt Bf 109 na Jamus, wanda shi ma ya yi ta sauya kama har ƙarshen yaƙi, bai gwada komai ba. Gyaran shi ne a haɗa sa'a da sa'a. Idan an yi haka, za a ga Focke-Wulf 190 na Jamus ya fi Spitfire samfuri na 5 a 1941, ya kuma ci gaba da ba shi wahala har samfuri na 9 ya fito a 1942.

Kuskuren da ya fi wannan ɓoyuwa shi ne dogaro da adadin gudu ɗaya tak, alhali ƙarfin inji yana sauyawa gwargwadon nisan da jirgi ya yi a sama, inda iska ke raguwa. Samfurin farko na Mustang na Amurka, mai injin Allison, gwani ne kusa da ƙasa, amma da zarar ya lula sama sai ƙarfinsa ya ragu. Sai da aka sa masa Merlin ne ya zama jirgin da ya raka jirage masu jefa bom har Balin, babban birnin Jamus, a watan Maris na 1944. Sha'anin P-39 Airacobra na Amurka ya fi ban mamaki: Turawan Ingila sun gwada shi sun ƙi shi, amma matuƙan Tarayyar Sobiyet sun rungume shi hannu biyu, domin a fagensu yawancin arangama ƙasa da mita 5,000 ake yi. Saboda haka duk adadin gudun da aka kawo, a nemi tsayin da aka auna shi.

Ana kuma mantawa da aikin da aka ƙera jirgi dominsa. Bf 109 na saurin hawa sama, amma a 1940 mansa ba ya barinsa ya wuce kamar minti goma yana faɗa a sararin Landan. Zero na Japan kuwa ya samu dogon zango da saurin juyi ne ta hanyar rage nauyi, har aka hana shi sulke da tankin mai mai toshe kansa, don haka harsashi kaɗan ya isa ya cinna masa wuta. Fage ma yana taɓa lissafi: jiragen Hurricane na Ingila da aka riƙa harhaɗawa a Takoradi, a ƙasar Ghana ta yau, ana bi da su ta Kano da Maiduguri zuwa Masar sun yi aiki a hamada da matacin ƙura a ƙarƙashin hanci, wanda ke rage musu gudu, abin da ba a gani a teburin alƙaluman masana'anta.

A ganina, kuskuren da ya fi yaudarar mutane shi ne ɗaukar yawan jiragen da aka kakkaɓo a matsayin shaidar ingancin ƙira. Ana yawan cewa Hellcat na Amurka ya kakkaɓo jirage 19 a kan kowane ɗaya da aka rasa, amma wannan lissafin iƙirarin matuƙa ne, kuma galibinsa ya zo ne lokacin da Japan ta riga ta rasa ƙwararrun matuƙanta, ga ƙarancin man horar da sababbi. Haka nan jirage 352 da aka lissafa wa Erich Hartmann, matuƙin Bf 109 ɗan Jamus, suna nuna gwanintarsa da kuma tsarin Jamus na barin matuƙi a fagen daga ba tare da wa'adi ba, fiye da yadda suke nuna fifikon Bf 109. Kafin a karɓi irin wannan adadi, a tambayi wa aka kakkaɓo, a wace shekara, kuma ko takardun ɗaya ɓangaren sun tabbatar.

Sai jiragen da suka makara. Ta 152 na Jamus 'yan gomomi kawai aka ƙera, Bearcat na Amurka kuma yaƙi ya ƙare bai yi arangama ko sau ɗaya ba, don haka ya fi dacewa a ware musu jerinsu dabam, kada a jera su da Bf 109 da aka ƙera fiye da 33,000.