Yadda Ake Binciken Maganin Makero Ba Tare da Samfur Ya Ba Ka Kunya Ba

Yawancin ƙananan likitocin da ke zuwa mini da niyyar yin bincikensu na farko a kan cutar fata, makero suke zaɓa. Dalilinsu a fili yake: yara masu shi ba su da wuyar samu, ana ganin ciwon da ido, maganinsa sananne ne, kuma cikin wata biyu zuwa uku an ga sakamako. Sai mutum ya ɗauka ya samu banza. Bayan wata huɗu ya dawo jiki a sanyaye, wai ɗakin gwaji ya ce samfuran gashi da ɓawon da ya kai, da aka shuka su a faranti don ƙwayar cutar ta tsiro, da yawa ba su tsirar da komai ba, wasu kuma funfuna ta mamaye su. Ni ma haka ta faru da ni a karon farko, shi ya sa zan fi daɗewa a kan ɗaukar samfur. Lissafin yawan yaran da ake buƙata da cike takardun kwamitin ɗa'a kuwa, na ɗauka ka sani, ko kana da mai nuna maka.

Mataki na farko, ka tsayar da tambaya ɗaya tak. Misali: tsakanin girisofulbin na mako 8 da tabinafin na mako 4, wanne ya fi warkar da makeron kai a wajen yaran da kake gani? Wannan ta isa. Kada ka haɗa da sabulun wanke kai, da tarihin gida, da ra'ayin iyaye, duk a bincike guda. Kada kuma ka yi tunanin ba wa wani rukuni ƙwayar da ba ta da magani a ciki. Tun 1958 aka san girisofulbin yana warkar da wannan cuta, saboda haka hana yaro magani don kwatance ba abin da kwamiti mai hankali zai yarda da shi ba ne. Man shafawa shi kaɗai ma ba abokin gwaji ba ne, domin ƙwayar fangas ɗin da ke jawo makero tana cikin ramin gashi, inda shafawa ba ta kaiwa.

Kafin yaro na farko ya shigo, ka rubuta abin da kake nufi da "ya warke". Warkewa iri uku ce a wannan fanni: ta ido, wato ɓawo da ƙaiƙayi sun tafi gashi ya fara dawowa, ta gwaji, wato an duba ba a ga ƙwayar cutar ba kuma an shuka ba ta tsiro ba, sai cikakkiya, wadda ta haɗa duka biyun. Ni ta ukun nake zaɓa kullum, kuma ita nake tilasta wa duk wanda nake duba aikinsa. Wanda bai rubuta wannan tun farko ba, idan sakamako ya fito zai ga zuciyarsa tana jan sa zuwa ga ma'aunin da ya fi yi wa maganinsa kyau. Daga nan ka yi wa binciken rajista a ɗaya daga cikin rumbunan da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da su. Tun 2005 manyan mujallun likitanci suka daina karɓar gwajin magani da ba a yi wa rajista ba kafin a fara ɗaukar marasa lafiya. Amincewar iyaye a rubuce wajibi ce, yaron da ya yi wayo kuma shi ma a tambaye shi.

Mataki na biyu shi ne tantance wanda zai shiga. Ba duk zubewar gashi ce makero ba. Akwai wadda garkuwar jiki ke jawowa, inda wurin yake sumul babu ɓawo ko kaɗan. Akwai amosani mai tsanani. Akwai yaron da shi ne ke tsige gashinsa da hannunsa. Ka taɓa bayan wuya da bayan kunne, kaluluwa a wurin tana ƙara nuna makero ne. Sannan tambayar da kowa yake mantawa: me aka shafa masa? Kada ka tsaya a kan "ba komai". Ka ce a kawo maka kwalin ko bututun ka gani. Idan an shafa maganin fangas kwanan nan, ƙwayar za ta yi likimo ta ƙi tsirowa alhali tana nan. Idan mai sinadarin sitiyarod ne, wato maganin kwantar da kumburi, kumburi da ɓawo za su lafa, ciwon ya sauya kama har gwani ya ruɗe. Ni mako 2 nake sa a dakata da duk wani shafe-shafe, wanda ya sha ƙwayar maganin fangas cikin wata guda kuwa ba na ɗaukarsa. Ka cire mai ciwon hanta, ka kuma tuna girisofulbin ba a ba mai ciki, idan akwai 'yan mata da suka balaga a cikin waɗanda kake ɗauka.

Wasu suna nacewa sai sun sayi fitilar Wood, wadda ke haska kai a cikin duhu. Tana da amfani, amma nau'in fangas ɗin da ake kira Microsporum ne ke yin kore a ƙarƙashinta. Yawancin nau'in Trichophyton, irin su tonsurans da violaceum, ba sa nuna komai. Wato rashin haske bai wanke yaro ba. Idan kuɗinka kaɗan ne, ka zuba su a ɗakin gwaji.

To, mataki na uku, a nan gizo yake saƙa.

A bincikena na farko, abin da muka yi shi ne: mu sa almakashi mu yanko gashi daga tsakiyar wurin, mu zuba a 'yar robar gwaji mai murfi, mu rufe gam, mu sa a firiji har ƙarshen mako sannan a kai ɗakin gwaji gaba ɗaya. Mun ɗauka tsafta muke yi. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan abubuwa huɗu kuskure ne.

Gashin da aka yanka ba shi da amfani. Ƙwayar tana gindin gashi ne, kusa da saiwa, saman kuwa sau da yawa lafiyarsa lau. Abin da kake nema shi ne guntayen gashin da suka karye, waɗanda suka yi toka-toka suka dushe. Ka sa hantsaki ka tsige su ɗaya-ɗaya. Mai cutar yana fitowa da sauƙi, yaro ba ya ko motsi. Idan ka ja ka ji ya riƙe yaron ya zabura, lafiyayye ka kama, bar shi. Ka tara kamar guda goma zuwa ashirin. Akwai nau'in da gashin ke karyewa daidai da fata, ya bar ɗigo-ɗigon baƙi kamar an barbaɗa wani abu. Wannan hantsaki ba ya kama shi, sai dai ka kankaro shi da gefen aska marar kaifi sosai, ɗigon ya fito tare da ɓawon.

Wurin ɗauka kuma gefe ne, ba tsakiya ba. Cutar tana tafiya ne daga ciki zuwa waje, don haka mai rai tana bakin da'irar, inda ɓawo ya fi tashi. Kafin ka taɓa, ka goge wurin da sifirit mai ƙarfin kashi 70, ka jira ya bushe sarai. Wannan yana rage ƙwayoyin bakteriya, yana kuma cire man gashi, wanda idan ya shiga gilashi yakan yi ƙwallaye-ƙwallaye da sabon shiga zai rantse ƙwayayen fangas ne. Da bandeji za ka goge, kada ka yi da auduga. Zaren auduga ɗaya a ƙarƙashin maikuroskof ya sa na ga an rubuta wa yaro "akwai" alhali babu. Kada ka kankara har jini ya fito.

Sai ma'aji. Takarda ce, baƙa, mai ɗan kauri, a naɗe ta kamar ƙunshin garin magani a maƙale da kilif. Baƙa saboda ka ga farin ɓawon da ka tara, ka san ya isa ko bai isa ba. Takarda saboda tana barin samfur ya bushe. Roba tana riƙe laima, laima kuma ita ce abincin bakteriya da funfuna, su kuwa sun fi fangas ɗin makero saurin girma nesa ba kusa ba. Ga shi ɓawo yana manne wa jikin roba, ma'aikacin gwaji ya yi ta fama bai ciro rabi ba. Firiji ma ba wurinsa ba ne, sanyi yana raunana wasu nau'o'in. A busasshiyar takarda a cikin ɗaki, ƙwayar tana yin makonni da ranta. Wannan ne wuri ɗaya a duk aikin da abu mafi araha ya fi kyau.

Idan ɓawon ya bazu ko'ina babu takamaiman wuri, ko yaron ya ƙi tsayawa, ɗauko sabon buroshin haƙori daga ledarsa, ka goga a kan kamar sau goma, a danna shi kai tsaye a kan farantin shuka. Hanya ce mai kyau, sai dai ba ta ba ka abin dubawa a maikuroskof, don haka ni ina haɗa ta da kankara. Idan kuwa ka haɗu da wanda kansa ya kumbura ya yi taushi yana tsattsafo da mugunya kamar maruru, kada ka bari a tsaga. Jiki ne ke faɗa da fangas ɗin da ƙarfi. Mugunyar sau da yawa ba ta tsirar da komai, gashin gefe za ka tsiga. Irin waɗannan yara ka yanke tun farko ko za su shiga binciken ko a'a, domin tafiyarsu daban ce.

Ka rubuta lamba a jikin takardar kafin ka sa samfur, lamba kawai ba suna ba. Kuma ranar farko ka tsaya a kan duk wanda zai taya ka ɗauka, ka ga hannunsa a kan yara uku ko huɗu. Bayani da baki ba ya wadatarwa.

Mataki na huɗu, ɗakin gwaji. Raba samfurin biyu. Kashi ɗaya a gilashi da ɗigon ruwan KOH, wato sinadarin potassium hydroxide, mai ƙarfin kashi 10 zuwa 20, a rufe, a jira minti 15 zuwa 30 ya narkar da ɓawon. Za a iya ɗan ɗumama shi, amma idan ya tafasa sai ya yi ƙanƙara-ƙanƙara ya ɓata kallon. A rage hasken maikuroskof, haske mai yawa yana ɓoye zaren fangas. Abin lura a gashi shi ne ko ƙwayayen suna cike da cikinsa kamar buhun da aka ɗura, ko sun yi masa zobe ta waje. Kada gashin ya daɗe a ruwan, zai ruguje ka kasa bambancewa. Ɗaya kashin a shuka shi a abincin Sabouraud, wato abincin da ake tsirar da fangas a kai mai ɗauke da sunan wani likitan fata na Faransa, bayan an sa wa abincin maganin hana bakteriya da na hana funfuna, a ajiye a zafin digiri 25 zuwa 30. Ka yi yarjejeniya da su a rubuce cewa ba za a zubar da faranti a ce babu ba sai ya cika mako 4. Violaceum musamman nawa gare shi. Kuma ka nace a faɗa maka nau'in da ya tsiro, domin tabinafin ya fi ƙarfi a kan Trichophyton, girisofulbin kuma ya fi a kan Microsporum. Idan ba ka san wanne ya fi yawa a cikin yaranka ba, sakamakonka ba zai fassaru ba.

Sauran aikin sananne ne. Rabon rukuni da ƙuri'ar kwamfuta, a sa a ambulan masu kauri da lamba a jere, wani daban ya riƙe. Kada a yi "yau wannan gobe wancan". A auna nauyin kowane yaro da sikeli, kada a kimanta da ido. Tabinafin ana ba da miligiram 62.5 ga wanda bai kai kilo 20 ba, 125 daga kilo 20 zuwa 40, sai 250 ga wanda ya haura. Girisofulbin kuma da abinci mai maiƙo ake shan sa, in ba haka ba jiki ba ya ɗaukarsa sosai, kuma ka cuci rukuni guda ba ka sani ba. Tun da tsawon shan ya bambanta, iyaye za su san wanda aka ba su, to aƙalla mai duba kan yaron da ma'aikacin gwaji kada su sani.

Ranar hukunci ɗaya ce ga kowa, a ƙirga daga ranar farawa, ni mako na 12 nake sawa. Tabinafin yana zama a fata da gashi makonni bayan an daina sha, don haka wanda ya auna shi ranar da ƙwayar maganin ta ƙare ya yi masa gaggawa. A ranar a sake ɗaukar samfur kamar yadda aka yi da farko. Hoto kuwa a ɗauka daga nisa ɗaya, haske ɗaya, da rula a gefe, ban da fuska. Idan fom ɗinka yana ba da maki a kan jan fata, ka sani a fata mai duhu ja ba ya fitowa yadda littafi ya zana, ka fi dogara da ɓawo da karyewar gashi da kumburi. Ka duba 'yan uwan yaron, a kuma wanke mataji da kilifa, don kada sabon kamu ya shiga lissafinka a matsayin gazawar magani. Ka karɓi lambar waya biyu daga kowane gida, domin da zarar gashi ya fara tsirowa ƙafa take ɗaukewa. Waɗanda suka ɓace ka ƙirga su a rukunin da ƙuri'a ta sa su, ka faɗi adadinsu a rahoto bisa tsarin CONSORT, wato ƙa'idar rubuta rahoton gwajin magani. Yaron da farantinsa na mako na 12 ya sake tsirowa kuma, ka kira iyayensa a canza masa magani, ko da ka riga ka rufe littafin bayanai.