Yadda za ki kula da dasashinki idan kina da cutar tayirod

Tayirod ita ce 'yar gaɓar nan ta gaban wuya wadda idan ta kumbura ake cewa maƙoƙo. Wani lokaci garkuwar jiki kan juya ta afka mata: a cutar Hashimoto aikinta ya ragu, a cutar Graves kuwa ya wuce kima. Mata sun fi kamuwa, shi ya sa da ke nake magana, amma maza ma su saurara. Ciwon dasashi shi ma rikicin garkuwa ne, domin kumburin da jiki ke tayarwa wajen yaƙar ƙwayoyin cutar da ke taruwa a gindin haƙori shi ke cinye nama da ƙashi. Ga abin yi.

Da farko ki riƙa duba bakinki a madubi. Jini lokacin goge haƙori, dasashi ya yi ja ya kumbura, warin baki da ya ƙi tafiya, ko haƙori ya fara girgiɗi, duk alamu ne. Mutane da yawa sun ɗauki jinin nan ba komai ba. Lafiyayyen dasashi ba ya jini.

Sai ki lura da yawu, kuma nan ne aka fi sakaci. Masu Hashimoto sun fi sauran jama'a haɗuwa da cutar Sjögren, wadda ke busar da baki da idanu. Yawu ne ke wanke baki yana kashe kaifin tsamin da ke cin haƙori, to idan ya ƙafe datti ya samu wurin zama. In kina farkawa harshe a bushe, ko busasshen abu na yi miki wuyar haɗiya sai da ruwa, ki gaya wa likita. Kafin nan ki yawaita kurɓar ruwa, ki tauna cingam marar sukari, ki guji ruwan kuskure baki mai barasa.

Na uku, kada ki yi wasa da maganinki da gwajin TSH, wato gwajin jinin da ke nuna yadda tayirod ke aiki. Levothyroxine, maganin da ake ba wadda aikin tayirod ɗinta ya ragu, da safe ake sha, ciki ba komai, minti 30 zuwa 60 kafin karin kumallo. Tayirod mai aiki fiye da kima tana zaizaye ƙashi, kuma cikin ƙashin muƙamuƙi haƙora suke zaune.

Idan za ki ga likitan haƙori, ki faɗa masa cutarki da sunan maganinki tun kafin ya taɓa ki. Allurar kashe zafi sau da yawa tana ɗauke da adrenalin, wanda kan tayar da bugun zuciya ga mai Graves da ba a shawo kanta ba. A can ne kuma za a kankare dattin da ya daskare, wanda buroshi ba ya iya fitarwa.

Goge baki kuwa sananne ne: sau 2 a rana, minti 2, da buroshi mai laushi da man da ke da fuloraid, sannan zaren sakace. Sigari a bar shi.

Gargaɗi ga mai shan carbimazole ko methimazole, magungunan rage aikin tayirod da ya wuce kima: in zazzaɓi, ciwon maƙogwaro ko gyambon baki ya taso kwatsam, kada ki ce ciwon dasashi ne. Maganin kan karya fararen ƙwayoyin jini, ko da yake ba kasafai ba. Ki dakatar da shi, ki je asibiti a ranar a yi miki gwajin jini.