Ga masu wa'azin da Babbar Sallah za ta riska a Kumasi

Assalamu alaikum 'yan uwa. Malamanmu da suka zo da'awa daga Najeriya ko Nijar, kada ku wuni a masauki kuna kewar gida, aikin rabon naman layya na neman hannu.

Kwana biyu kafin Sallah ku je wajen liman ko sarkin zango a unguwar Aboabo ko Asawase, ku karɓi sunayen marayu, matan da mazajensu suka rasu, da tsofaffin da ba su da mai yanka musu. Baƙo bai san gidaje ba. In ya tsaya rabo a bakin masallaci, masu ƙarfi ne za su kwashe.

Mutum 7 na iya haɗa kuɗi su sayi sa ɗaya. A yanka da zarar an sauko daga Idi, a ware kayan ciki a wanke su daban, don su ke fara wari. Kada a ƙulle nama a leda da ɗuminsa. Ga zafi ga damshin garin nan, nan da nan zai sauya. A baza shi a inuwa ya sha iska, sannan a ɗaure kilo ɗai-ɗai. Gidan da ba firij, gara a soya musu da gishiri.

In za ku kai nama asibitin Komfo Anokye ko gidan yari kuwa, ku nemi izini tun kafin ranar, ku tambayi irin abincin da suke karɓa. Ku tafi da ɗan gari mai jin yaren Asanti, ba kowa ke jin Hausa a can ba.